Ku Tambayi Mai Tace Hoto: Tambarin Ƙarshen Shiri

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan abu guda suka tsaya, wato ɗan tambarin nan da kamfanin da ya shirya shiri yake sakawa ya bayyana a allo bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu saboda fili.

Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muka haɗa kai muka buɗe ɗan kamfanin shirya shirye-shiryen talabijin, kuma wata tasha ta amince za ta saka shirinmu na farko mai kashi 13. Wani abokinmu ya haɗa mana tambari a kwamfuta: duniya tana juyawa, tsawa ta faɗo, gaggafa ta ratso ta cikin wuta, sannan sunan kamfani ya fito da ruwan zinare da kiɗa mai ƙarfi. Tsawonsa sakan 18. Ni dai ya burge ni, amma ɗaya daga cikinmu ya ce kwalliyar ta yi yawa. Mun yarda kai za ka raba mana gardama. Daga wani matashin furodusa.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin aikinka ya fi ka gaskiya, amma kada ka ji kunya, don ni ma ta wannan ƙofar na shigo sana'ar.

Tambari na farko da na taɓa haɗawa sakan 14 ne, kuma shi ma da duniyarsa mai juyawa. Kwana tara na yi a kansa, kwamfutar lokacin sai ta kwana tana aiki kafin ta fitar da hoton. Ranar da za a saka shirin na tara mutanen gida gaban akwati, ba don su kalli shirin ba, don su ga tambarin. Sunaye suka gama wucewa, duniya ta fara juyawa, kafin harafin farko na sunanmu ya leƙo sai ga talla ta faɗo a kai. Washegari na kira mai kula da fitar da shirye-shirye na tashar ina huci. Ya bari na gama, sannan ya ce da ni cikin sanyin murya, su sakan suke sayarwa, kuma ba su sayar mini da 14 ba. Sai da aka kai kashi na huɗu kafin sunan kamfaninmu ya fita a allo, bayan na haɗiye fushina na yanke tambarin ya koma sakan uku.

To ka ga matsalarku ta farko ke nan: suna yana ƙarshe. Duk wanda zai yanke muku, daga wutsiya zai yanke, kuma a wutsiyar kuka ajiye abin da aka yi tambarin dominsa. Ku mayar da sunan ya kasance ana iya karanta shi tun daga sakan na farko. Sakan uku ba kaɗan ba ne kamar yadda kake zato. A tsarin talabijin mai firam 25 a sakan, hoto 75 ke nan, ya isa a karanta suna sau biyu. Kafin ma ku sake taɓa kwamfuta, ku je tashar ku nemi takardar ƙa'idojin miƙa shiri. Tashoshi da yawa sun rubuta tsawon da suka yarda da shi, wasu ma ba sa son motsi ko sauti, hoto tsayayye kawai suke karɓa.

Sannan ka yi lissafi. Sakan 18 sau 13 ya ba ka sakan 234, kusan minti huɗu na gaggafa da wuta. Kai sau ɗaya aka nuna maka ya burge ka. Mai kallo kowane mako zai gani, kuma abin da ya ba da mamaki ranar farko shi ne ke fara gundura a rana ta biyar.

Amma babbar maganata ba ta tsawo ba ce. Duniya mai juyawa, dutse mai taurari, fitilu masu haska sama, waɗannan kayan manyan kamfanonin fim ne, an yi su ne don katon allon silima inda mutane suka biya kuɗi suka zauna cikin duhu ba su da inda za su. Ƙaramin kamfani in ya ari wannan, sai ya zama kamar yaro ya zura ƙafa a takalmin babansa: kowa ya ga takalmin, kowa kuma ya san ba nasa ba ne. Ƙari a kan haka, ina kyautata zaton abokin naku bai zana gaggafar da hannunsa ba, daga intanet ya sauko da ita a shirye ya canza suna kawai. In haka ne, akwai wasu kamfanoni da dama masu gaggafarku da wutarku.

Dubi yadda ƙananan kamfanonin da aka fi tunawa da tambarinsu suka yi a Amurka. Kamfanin MTM, wanda Mary Tyler Moore da mijinta Grant Tinker suka kafa a 1969, ya lura sunansa ya yi kama da na MGM mai zakin nan da ke ruri cikin da'ira. Maimakon su yi gasar girma da zaki, sai suka ɗauko 'yar kyanwa suka saka cikin irin da'irar, ta yi kuka sau ɗaya, shi ke nan. Daga baya suka riƙa yi mata shiga gwargwadon shiri: a shirin 'yan sanda ta fito da hular ɗan sanda, a shirin asibiti ta fito da takunkumin likitan tiyata. Mutane har jira suke sunaye su ƙare don su ga yau me kyanwa ta saka. Gary David Goldberg kuwa hoton baƙin karensa mai suna Ubu ya saka, hoto tsayayye, murya ta ce wa karen ya zauna, kare ya yi haushi ɗaya. Stephen J. Cannell, da yake marubuci ne, kansa ya nuna yana buga tafireta, ya zare takardar ya wurga sama, ta sauko ta lanƙwashe ta zama harafin C na sunansa Cannell. Chuck Lorre tun 1997 ya mayar da nasa filin rubutu: kusan kowane kashi da sabon shafi mai lamba, cike da abin da ke ransa, ya tsaya a allo na ɗan ƙiftawar ido, har masu kallo suka koyi ɗaukar shirin a kaset su tsayar da hoton don su karanta.

Kyanwa, kare, tafireta, takarda. Babu wanda ya ci kuɗin kirki a cikinsu, kuma babu wanda wani kamfani zai iya ɗauka ya ce nasa ne, domin kowanne daga jikin mai shi ya fito. Tambarin ƙarshen shiri sa hannu ne, kamar yadda mai zane yake rattaba sunansa a gefen hoto, ba fagen nuna ƙarfin kwamfuta ba ne.

Ga abin da nake so ku yi. Ku uku ku zauna ba tare da kwamfuta ba, ku tambayi kanku wane abu ne naku ku kaɗai. Wataƙila tsohuwar kyamarar da kuka fara aiki da ita, mai tsagaggen murfi. Wataƙila wata kalma da ɗayanku yake faɗa duk sanda aka gama ɗauka. In kun samu, ku gwada shi a kan wanda bai san aikin ba: a nuna masa sau ɗaya, bayan awa guda a ce ya faɗi sunan kamfanin ya kuma kwatanta abin da ya gani cikin jimla ɗaya. In ya iya, kun samu tambari. Gaggafar kuma ku ajiye ta, ranar bikin cika shekara goma ku nuna wa ma'aikata a yi dariya.

Malam barka da aiki. Ni mai tace hoto ce a wani ƙaramin kamfani. Tambarinmu a kwamfutata tsaf yake fita, amma da na gan shi a talabijin sai na ga siririn layin da ke ƙarƙashin suna yana rawa, jan launin ya yi kamar ya zuba, kuma a wani tsohon akwati harafin ƙarshe ya ɓace. Oga yana ganin laifina ne.

'Yar'uwa, laifin rabi naki ne, rabi na wanda ya zana tambarin yana tunanin takarda. Cuta uku ce kika lissafa, kowace da maganinta.

Rawar layi daga yadda talabijin ke jera hoto take. Tashoshi da yawa har yanzu suna watsa hoto ne rabi-rabi: layukan mara su fito, sannan layukan cika su biyo, sau 50 a sakan. Idan layinki kaurinsa fiksel ɗaya ne, wato ɗigon hoto ɗaya, a rabi ɗaya kawai yake, don haka yana fitowa yana ɓacewa sau 25 kowane sakan, ido kuma ya gan shi kamar rawa. Ki ƙara masa kauri ya kai fiksel uku ko huɗu, ko ki cire shi gaba ɗaya. Haka ma haruffa masu siraran ƙafafu, ki canza su da masu jiki.

Jan da ya zuba kuwa, dalilinsa shi ne bidiyo yana rowar launi. Don a rage nauyin fayil, ana adana bayanin haske cikakke amma a rage na launi, a tsarin da aka fi amfani da shi har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ja mai tsananin ƙarfi a kan baƙi ko shuɗi shi ya fi tona wannan asiri, gefensa sai ya yi dishi-dishi. Ki rage ƙarfin jan kaɗan. Ki kuma tuna cewa a ma'aunin talabijin baƙi yana kan 16 ne, fari yana kan 235, ba 0 da 255 irin na kwamfuta ba. Abin da ya wuce wannan iyaka na'urar tasha za ta datse shi ba tare da ta yi shawara da ke ba.

Harafin da ya ɓace shi ne mafi sauƙi. Tsofaffin akwatuna suna cinye gefen hoto, wasu sababbin ma suna ɗan zuƙo hoton su yanke baki. Shi ya sa ake da iyakar tsira. Ƙa'idar yanzu ita ce rubutu ya tsaya cikin kashi 90 bisa 100 na allo, wato ki bar kashi 5 a kowane gefe. A hoto mai faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080, fiksel 96 ke nan hagu da dama, 54 sama da ƙasa. A da kashi 80 ake bi, kuma ni har gobe shi nake bi in tambari ne, don bai cika allo ba ma ya fi kyau. Manhajar da kike aiki da ita tana da waɗannan layuka, kunna su kawai za ki yi.

Wani abu da ba ki tambaya ba. In sunan kamfaninku yana da ɗaya daga haruffanmu masu ƙugiya, ɓ ko ɗ ko ƙ, ki tabbata salon haruffan da aka zaɓa yana da su. Na sha ganin suna ya fito da kyau sai harafi ɗaya a tsakiya ya bambanta da 'yan'uwansa, don kwamfuta ta rasa shi ta aro daga wani salo. Kuma kafin ki miƙa aiki, ki duba shi a talabijin na gaske da kuma a waya, ba a allon da kika yi aikin kaɗai ba.

Malam, tambayata ba ta ma'aikaci ba ce, ta uba ce. Ɗana ɗan shekara uku yana son wani shiri, amma da zarar an zo ƙarshe tambarin kamfanin ya fito da ƙararsa sai ya toshe kunne ya ruga bayan uwarsa. Wannan lafiya kuwa?

Lafiya lau, Malam, kuma yaronka yana da 'yan'uwa da yawa, wasu yanzu sun yi jikoki. A 1965 kamfanin Screen Gems ya fito da tambari mai wasu layuka biyu da ke naɗewa su zama harafi, da wani kiɗan na'ura mai kaifi. A 1976 Viacom ya fito da nasa, katon harafi yana tahowa kamar zai fasa allo ya faɗo ɗaki. Yaran wancan zamani da yawa sun girma suna ba da labarin yadda waɗannan biyun suka hana su barci, har laƙabi suka yi musu, ɗaya na jahannama, ɗaya na halaka.

Abin da ke faruwa shi ne, shiri ya ƙare da kiɗa mai laushi, allo ya yi baƙi, yaro ya saki jiki, sai wani abu marar fuska ya taso da ƙara babu sallama. Babba ya san talla ce ta kamfani, yaro bai sani ba. Ka riƙa rage murya in sunaye sun fara, zai wuce da kansa.

Ga masu haɗa tambari kuma, wannan wasiƙa taku ce. Ƙarar tambari kada ta ɗara ta shirin da ya biyo. A Turai ma'aunin da ƙungiyar tashoshinsu ta fitar a 2010 ya tsayar da matsakaicin ƙarfin sauti a kan −23 LUFS, na Amurka −24, kuma kusan kowace manhajar tace sauti tana da mitar auna shi. Sauti mai kyau ba sai ya yi ƙarfi ba. Na tashar NBC ƙararrawa uku ce kawai, kuma ita ce aka fara yi wa rajistar alamar kasuwanci ta sauti a Amurka, a 1950. Walƙiya kuma ta fi ƙara haɗari. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin zanen yara a Japan ya nuna ja da shuɗi suna walƙiya da sauri na 'yan sakanni, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, wasu da farfaɗiya. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe irin su Birtaniya ita ce kada walƙiya ta wuce uku cikin sakan ɗaya. Mai tsawa da gaggafa na wasiƙar farko, da kai ma nake.

Ranka ya daɗe, shekara huɗu da suka wuce wani yaro ya zana mana tambari, muka biya shi, ba mu rubuta komai ba. Yanzu mun saɓa, ya ce tambarin nasa ne, kuma ya hana mu ainihin fayil ɗin, sai ƙaramin hoton da ya taɓa turo mana a waya. Mun yi wa kamfani rajista da sunan, ashe wannan bai isa ba?

Alhaji, bai isa ba, kuma zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: yaron yana iya zama da hujja. Ni ba lauya ba ne, doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a wurare da yawa wanda ya zana abu shi ne mai haƙƙin mallakarsa, sai fa in ma'aikacinka ne na albashi ya yi shi a bakin aiki, ko ya sa hannu a takarda cewa ya mallaka maka. Biyan kuɗi sau da yawa izinin amfani kawai yake ba ka. Rajistar sunan kamfani daban, rajistar alamar kasuwanci daban, ofisoshinsu ma galibi daban ne.

Shawarata ka sauke girman kai ka neme shi a yi sulhu, don abin da za ka ƙara masa bai kai abin da shari'a ko sabon tambari za su ci ba. In ya yarda, takardar ta faɗi a fili cewa ya mallaka wa kamfani dukkan haƙƙin zanen. Ka karɓi fayil na asali irin wanda ake faɗaɗawa ba ya fashewa, kamar SVG ko EPS, da PNG marar bango, da bidiyon mai motsi shi ma marar bango. Ka tambaye shi sunan salon haruffan da ya yi amfani da shi da lasisinsa, domin akwai waɗanda kyauta ne ga amfanin gida amma na kuɗi ne in za su fita a talabijin. In akwai kiɗa, shi ma da nasa mai haƙƙin.

Bayan nan sai ka yi rajistar alamar. Yawancin ƙasashe suna bin rabe-raben da aka amince da su a birnin Nis na Faransa a 1957, aji 45 ne yanzu. Shirya shirye-shirye yana aji na 41, watsa su yana aji na 38. Kafin ka biya ko sisi, ka shiga rumbun alamomi na WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, a intanet, kyauta ne, ka duba ko wani ya riga ka. Kuma ɗan harafin R mai da'ira da wasu ke mannawa a gefen tambari don ado, kada ka saka shi sai rajista ta fito, a wasu ƙasashe laifi ne.

In kuwa ya ƙi sulhu, kada ka ba wani ƙaramin hoton ka ce ya kwaikwaya. Ka sake sabo ɗungurungum, wannan karon da takarda.

Malam, za mu iya manna tambarinmu a kusurwar allo tun daga farkon shiri har ƙarshe, don masu satar aiki?

A kwafin da za ka ba tasha, a'a. Kusurwa ta tasha ce, nata tambarin za ta ɗora a wurin, in ka riga ka manna naka sai su hau kan juna, kuma ranar da wata tashar ta so sayen shirin ba za ka iya kankare shi ba. Ka ajiye kwafi mai tsabta wanda babu komai a kansa, daga shi kake fitar da sauran.

A kwafin intanet kana iya sakawa, ƙarami, fari, mai ɗan shara-shara yadda ana ganin hoto ta cikinsa, don launi mai ƙarfi da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin tabo a allon plasma da OLED. YouTube ma yana ba ka damar ɗora shi daga saitin tasharka ba tare da ka ƙona shi cikin bidiyon ba, hoto mai murabba'i da bai gaza fiksel 150 a kowane gefe ba. Sai dai kada ka ɗora masa buri da yawa: ɓarawon da ya san aikinsa zuƙo hoton yake yi kaɗan, kusurwar ta fita. Ni nawa na taɓa ganinsa a wani shafi an rufe shi da hoton fure.